Tsohon Babur a Ƙasar Jega: Gyaran Ƙofar Gida da Iyakarsa

Da hantsi a ƙauyen Gehuru, an kafe wani babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a inuwar dogon yaro. An shimfiɗa tsohon buhun taki a ƙasa, an jera sifana uku, da filaya, da sukudireba mai fasasshen mariƙi, da gwangwanin madara da aka zuba ɗan kananzir a ciki.

Maigidan ya tsuguna ya kwance filogi, ya ɗaga shi wajen haske. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Ya tsoma tsohon buroshin haƙori a kananzir ya goge shi, ya hura, ya mayar. Ɗansa na tsaye riƙe da tsumma, yana jiran a ce masa miƙo kaza. Aka buga kik, shiru. Aka sake bugawa, inji ya amsa.

Babur ɗin ya haura shekara goma a gidan. Fentin tanki ya koɗe, an sake wa kujera rufi, an ɗaure salansa da waya. Amma shi ke kai taki fadama, shi ke kai jarkar fetur wajen injin ban-ruwa, shi ke fito da albasa bakin hanya. Ranar da naƙuda ta kama uwargida da tsakar dare kuwa, shi ne motar asibiti.

Duk wanda ya zaga ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama a 'yan shekarun nan ya saba ganin haka. A da, abin da ake yi wa babur a gida bai wuce wanki ba. Yanzu magidanta da yawa sun zama rabin makanikai, wasu don sha'awa, mafi yawa don dole. Wannan gyara yana raya babura da yawa. Yana kuma kashe wasu, wani lokaci har da raunata masu su.

Sabo ya fi ƙarfin aljihu

Ranar 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen 500 cikin kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. Makonni kaɗan bayan wancan jawabi, Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da a hukumance ba ta kai naira 500 ba, ta haura 1,500 a farkon 2024.

Babur kuwa, ko da a Legas aka haɗa shi, sassansa daga Indiya ko Sin suke zuwa, kuma da dala ake sayo su. Sabon babur ƙirar Boxer da a 'yan shekarun baya ake ɗauka da 'yan ɗaruruwan dubbai ya haura naira miliyan ɗaya.

A da, manomi kan jira albasarsa ta yi daraja, ya fito da ita daga rudu, ya sayar da tsohon babur, ya cika kuɗi ya ɗauko sabo. Yanzu lissafin ya ƙi fita. Taki ya yi tsada, fetur ɗin injin ban-ruwa ya yi tsada, ladan 'yan ƙwadago ya tashi. Sai tsohon ya ƙara shekara, ya kuma ƙara wata.

Ladan makanike ma bai tsaya ba, don shi ma a kasuwar nan yake cefane. Ga mutumin ƙauye, kai babur gareji a Jega ko Aliero na nufin fetur na zuwa da dawowa, da yini guda da aka bar gona. Shi ya sa buhu da sifana suka fito ƙofar gida.

Garin fatake

Jega ba yau ta fara harkar ɗaukar kaya ba. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, inda fatake masu zuwa Gwanja neman goro ke yada zango da jakunansu. Yau titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Tambuwal da Aliero, a Jega yake rabuwa: ɗaya ya nufi Birnin Kebbi, ɗaya ya gangara Maiyama da Koko zuwa Yawuri. Da zarar ka sauka daga waɗannan manyan tituna, mafi yawan hanyoyin ƙauye burji ne da rairayi, da damina kuma laka. Aikin da jaki ya yi shekara aru-aru, yau babur ke yin mafi yawansa.

Dattawa na tuna zamanin Honda da Suzuki da Yamaha da Vespa, lokacin da babur abin hawan ma'aikaci ne da ɗan kasuwa mai hali. Daga baya baburan Sin suka cika kasuwa da araha, Jincheng da Kasea da Daylong da sauransu, har talaka ya samu na hawa, kabu-kabu ta zama sana'ar dubban matasa. Sai Bajaj ta Indiya ta zo da Boxer, wanda ya karɓu saboda ƙarancin shan mai da doguwar kujera. Nijeriya na cikin manyan kasuwannin wannan kamfani a wajen Indiya.

Waɗannan su ne tsofaffin da ke ƙofar gidaje yau, kuma sauƙin gininsu ne ya sa gyaransu a gida ke yiwuwa. Silinda ɗaya ce, iska ke sanyaya inji, kafireto ke ba da mai, babu kwamfuta a ciki. Da sifana lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da sifanar filogi, mutum zai kwance kusan duk abin da ya kamata ya taɓa.

Ƙura, zafi da lodi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturu na cika iska da ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Da bazara, a Maris da Afrilu, zafi kan haura 40 a ma'auni, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi kuma yana tafiya a hankali cikin rairayi. Sannan ga lodi. Buhun albasa ɗaya kan kai kilo 100 ko fiye, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga an ɗora biyu, mai babur ya matsa kan tanki.

Masu ƙera babur sun daɗe da sanin wannan hali. A 1974 Honda ta tura ma'aikatanta kudu maso gabashin Asiya su gano dalilin da ya sa baburanta ke saurin lalacewa a can. Suka tarar ana ɗora iyali guda a kan babur ɗaya, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri, matatar iska ta takarda kuma ta toshe da ƙura ba wanda ya kula. Daga wannan bincike aka fito da CG125 a 1975, mai injin da ke jure sakaci, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Yawancin baburan Sin masu lamba 125 da suka cika ƙasar Hausa, wannan injin aka kwaikwaya.

Juriyar nan ita ce ta sa babur ke kai shekara goma a Gehuru. Ita ce kuma ke ruɗar mai shi, don inji na ci gaba da tashi alhali cikinsa na cinyewa, ba ya kuka sai ɓarna ta yi nisa.

Baƙin mai

Ka tambayi duk wani tsohon makanike abin da ya fi kashe inji, amsarsa ba za ta wuce baƙin mai ba. Injin waɗannan babura kimanin lita ɗaya yake ɗauka. Wannan litar ce ke shafe fistin da bawul, ita ke ɗauke wani ɓangare na zafi, a cikinta kuma giya da kuloci ke aiki. A mota, inji da giya kowa da mansa. A babur mai ɗaya ke yin duka, shi ya sa yake saurin mutuwa.

A hanyar ƙura da lodi, abin da ya dace shi ne a juye shi bayan tafiyar kimanin kilomita 1,000. Amma agogon da ke ƙirga tafiya ya daɗe da tsayawa a mafi yawan tsofaffin babura, sai a koma lissafi da kwana. Ɗan kabu-kabu da ke yini a hanya bai kamata ya wuce mako ɗaya ko kwana goma ba. Manomin da ke zuwa gona da kasuwa kaɗai zai iya kai wata. Mai dabara kan ɗaura lissafin da ranar kasuwa ko tsayuwar wata don kada ya manta.

Aikin ba shi da wuya. A bar inji ya ɗan yi ɗumi, a kashe, a tara kwano, a kwance notin ƙasa, a jira mai ya tsiyaye sarai. A injin irin na CG, bayan murfin wurin juye man akwai 'yar rariya da ke tare dauɗa, a wanke ta da kananzir kafin a mayar. Wurin mayar da noti ne ake yawan ɓarna. Jikin inji alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. A fara murɗawa da hannu, sai ya zauna daidai sannan a sa sifana. Notin da aka ɗaure da ƙarfin tsiya kan cinye zare, daga ranar kuma ɗigon mai ba ya yankewa. Bayan an zuba sabo, a tsayar da babur daidai, a duba sandar awo, mai ya kasance tsakanin layin sama da na ƙasa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne al'adar ciko. Saboda tsada, mutane da yawa sun daina juye. Sai a ƙara kwata a kan tsohon mai, a ci gaba da tafiya. Wasu kuma sun koma man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, wanda ba mai sanin asalinsa, wani ma tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. A duk tattalin da mai babur zai yi, ban ga mai cutarwa kamar wannan ba. Kuɗin litar kirki ɗan ƙaramin kaso ne na abin da za a kashe ranar da inji ya buga: fistin, zobe, gasket, kai silinda a gyara, ga lada, ga kwanakin da babur zai yi a ajiye ana tsakiyar ban-ruwa.

Tsohon man da aka juye kuma, kada a zubar da shi kusa da rijiya ko a fadama. Kaɗan daga cikinsa na ɓata ruwa mai yawa, kuma ruwan fadama ba shi da nisa da ƙasa.

Matse kafireto

Tun da fetur ya yi tsada, wata dabara ta bazu: a matse kafireto don babur ya rage shan mai. Wasu da kansu suke yi, wasu su sa makanike. A kwanakin farko lissafi na nuna riba, domin lita ta ƙara nisa. Amma inji na buƙatar mai da iska a gwargwado. Idan mai ya yi kaɗan, wutar cikin silinda kan ƙara zafi, bawul ya ƙone, fistin ya ji jiki. Injin da ke fama da zafin Afrilu da buhun albasa, an ƙara masa wani zafin daga ciki.

Filogi ne ke faɗin gaskiyar abin da ke faruwa, kuma karanta shi ba ya buƙatar kuɗi. Idan bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa, inji lafiya lau. Idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, a sassauta. Idan ya yi baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko iska ta toshe. Idan baƙin na da maiƙo, salansa kuma na fitar da shuɗin hayaƙi, zobe ya cinye, inji na ƙona baƙin mai. Wannan ya wuce gyaran ƙofar gida.

Sau da yawa ma, babur ɗin da ake zargi da shan mai ba kafireto ne matsalarsa ba, soson iska ne ya toshe. A ciro shi, a wanke da kananzir ko ruwan sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa ɗan sabon baƙin mai, a matse a hannu har ya game ko'ina, a mayar. Da hunturu wannan aikin kowane mako ne. Idan matatar ta takarda ce, ba a wanke ta, sai dai a kakkaɓe, in ta gaji a sauya. Akwai masu cire matatar gaba ɗaya, su ce babur ya fi jan wuta. Gaskiya ne ya fi ja na ɗan lokaci. Amma ƙurar da ke shiga kai tsaye tana gauraya da mai tana goge silinda da zobe, cikin watanni inji ya saki.

Shi kansa fetur ɗin abin dubawa ne. A ƙauyuka da yawa, wurin 'yan bumburutu ake saye, a kwalba ko galan, kuma ruwa da dauɗa kan biyo shi. Ko na gidan mai ba kullum yake da tabbas ba. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, ya lalata injuna da yawa kafin a janye shi. Yanzu kuma da mutane ke sayen rabin lita, tanki kullum a ƙasa yake, cikinsa na tsatsa, gurɓataccen da ya kwanta a gindi shi kafireto ke zuƙa. A ƙasan kafireto akwai ɗan sukuru. A rufe famfon mai, a sassauta shi, ruwa da dauɗa su fita. Tace fetur da tsumma mai tsabta wurin zubawa ma na rage wahala.

Sarƙa da taya

Sarƙa ta fi komai shan wahalar lodi. A danna ta a tsakiya, motsinta sama da ƙasa kada ya wuce faɗin yatsa biyu, wato santimita 2 zuwa 3. In ta saki da yawa za ta iya zamewa ana cikin gudu ta kulle tayar baya. In aka ɗaure ta tamau, za ta ci haƙora da boris. Wurin ɗaurewa, a ja notin dama da na hagu daidai wa daida, in ba haka ba taya ta karkace.

Murfin sarƙa da matasa ke cirewa don ƙawa, shi ke kare ta daga rairayi. Kuma idan sarƙa ta gaji, cire mata gaɓa ɗaya ba gyara ba ne, jinkirta ranar tsinkewa ne kawai. A sauya ta tare da farantan haƙoran gaba da baya, don tsohon haƙori kan cinye sabuwar sarƙa nan da nan.

Akwai gwajin da ba ya cin minti biyu. A ɗaga taya, a ɗauki sifana a riƙa taɓa wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya. Wadda ke ɗaure za ta yi ƙara siririya, wadda ta saki za ta amsa da murya a dakushe. Idan aka bar biyu ko uku a sake, sauran za su ɗauki nauyinsu su fara tsinkewa, wili ya lanƙwashe. Tif ɗin da faci ya hau kan faci kuma ya gama aikinsa, ko da mai faci ya yarda ya ƙara ɗaya.

Idan ruwa ya shiga

Kebbi, inda waɗannan garuruwa suke, jihar gulabe ce da fadamu, kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa ba ta fita a zukatan manoma ba. Ko a shekarar da ba ambaliya, mutumin ƙauye sai ya ratsa ruwa da damina. Idan babur ya mutu a tsakiyar ruwa, kuskure mafi girma shi ne a hau buga kik. Ruwa ba ya matsuwa, in ya cika silinda aka tilasta fistin, sandar da ke riƙe da shi na iya lanƙwashewa. A tura shi tudu, a cire filogi, a buga kik a hankali ruwa ya fita ta ramin, a busar da soso, a zubar da abin da ke ƙasan kafireto. Sannan a duba baƙin mai. Idan ya yi fari-fari, ruwa ya gauraye shi, a juye a ranar. Birki ma bayan ratsa ruwa ba ya kamawa sai ya bushe.

Orijina da jabu

Mafi yawan kayan gyaran babur a Nijeriya ta hannun 'yan kasuwar Nnewi a jihar Anambra da na Legas suke bi kafin su iso Kano da Sakkwato, daga nan su sauka shagunan Jega da Birnin Kebbi. Abu ɗaya kan zo kala uku ko huɗu, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya, farashi daban. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, kan kama jabu lokaci zuwa lokaci, amma hannunta ba ya kai kowane shago.

Masu shaguna na da hujjarsu. Sukan ce idan suka jera mai kyau da mai araha, mai araha ake ɗauka, mai kyau ya yi ta shan ƙura a kanta. Masu saye kuma na cewa ko sun biya kuɗin orijina ba su da tabbacin shi aka ba su. Duka biyun gaskiya ne. Makanike na da wata fa'ida a nan da mai gyaran gida ba shi da ita, domin hannunsa ya saba, yakan gane jabu daga nauyi da gogewar ƙarfe. Araha ba ta ado, amma ba kowane abu ne tsadarsa ta zama dole ba. Madubi da murfin gefe ko wane iri ne za su yi. Takalmin birki, taya, wayar birki, filogi da baƙin mai kuwa, a nan ya kamata kuɗi ya tafi.

Tsakanin mai babur da makanike

Makanikai ba su da murya ɗaya kan wannan sabon yayi. Wasu na ganin an rage musu ciniki, tun da ƙananan ayyuka irin su juye da wankin filogi su ne kuɗin cefanen yau da kullum. Wasu kuma na cewa aikin bai ragu ba, kala ya sauya. Babur ba ya zuwa sai an gama jagwalgwala shi: kan noti ya lalace don an sa sifanar da ba tasa ba, wayoyin wuta an haɗa su da leda, an buɗe inji an mayar an bar wani abu a waje. Sannan maganar da suka fi ji ita ce, "Oga, lallaɓa mini shi zuwa kaka."

Masu babura ma na da nasu ƙorafi. Akwai wanda ya biya kuɗin sabon abu aka sa masa tsoho, akwai wanda ya bar babur a hannun oga ya dawo ya tarar yaron da bai daɗe da fara koyo ba ne ya yi aikin. Irin wannan ne ya kori wasu zuwa gyaran gida tun kafin tsada ta zo.

Ni ina ganin mai babur da ya san abin hawansa alheri ne ga makanike na kirki. Zai zo da wuri, zai faɗi daidai abin da ya ji, ba zai yi gardama kan abin da ya gane amfaninsa ba. Wanda ke asara shi ne mai cin kuɗin rashin sani.

Inda ya kamata a tsaya

Gyaran tazarar bawul na buƙatar ma'auni siriri da inji mai sanyi, don tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Buɗe inji, sauya boris ɗin wuyan kan babur, neman matsalar wutar caji, duk aikin gwani ne. Walda a jikin tanki kuwa, ko an zubar da fetur, tururinsa na nan, kuma ya isa ya fasa tanki a fuskar mai walda.

Sai birki. Ɗaure notin birki aikin gida ne, amma akwai ranar da notin zai kai ƙarshe, wannan na nufin takalmin ciki ya ƙare. Wasu kan cusa wani abu a bayan noti don su ƙara samun mako biyu. Wasu baburan kuma birkin gaba ya daɗe da mutuwa, wayar ma an cire. A kan rairayi ana taka-tsantsan da birkin gaba, haka ne. Amma a kan kwalta shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, kuma titin Jega zuwa Koko hanyar manyan motoci ce. Babur mai buhu biyu da birkin baya kaɗai ba zai tsaya inda mai shi ya so ba. Haka fitila: tsohon babur da ke tafiya da magariba ba wutar baya, direban tirela ba ya ganinsa sai ya zo kansa.

Aliero ta yi suna da albasa, ta kuma yi suna da masu ɗorin ƙashi, waɗanda ake zuwa wurinsu daga jihohi da ƙasashe maƙwabta. Haɗarin babur na cikin manyan abubuwan da ke kai mutane can. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.2 a shekara, masu babura kuma kaso ne mai yawa a ciki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, amma a ƙauyukan nan da wuya ka ga mai ita. Karaya ana ɗora ta. Raunin kai sau da yawa ba ya ba da wannan dama.

Gyaran gida na da nasa haɗarin a cikin gidan. Fetur a buɗe kusa da murhu, tayar da inji a rufaffen zaure inda hayaƙi ke taruwa, kananzir ko fetur a kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. Duk waɗannan sun sha jawo kuka a gidaje, kuma kauce musu ba ya cin kobo.

Takarda da ilimi

Matsalar tsaro ta ƙara wa mai tsohon babur wani nauyi. Tun da 'yan bindiga suka mayar da babur abin hawansu, har jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina suka taƙaita zirga-zirgarsa a wasu yankuna a 2021, jami'an tsaro na kallon babur da ido biyu. Wanda zai sayi tsohon inji ya ɗora, ko ya sayi babur na hannu, ya karɓi rasit, ya sa shaidu, ya rubuta lambar inji da ta gangar jiki ya adana. Inji mai araha da ba a san inda ya fito ba na iya jefa mutum cikin maganar da ta fi ƙarfinsa.

Abin da ya rage shi ne wa zai koyar. Mafi yawan masu gyaran gida da kallo suka koya, wasu matasa kuma daga bidiyo a wayar hannu. Jihar Kebbi na da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, da kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da na makanikai a kowane babban gari. Darasin rabin yini a harabar tasha, tare da makanike ɗaya da babur ɗaya a tsakiya, ya isa a nuna juye da wankin soso da ɗaurin sarƙa da duba birki.

Kowane sabon babur na zuwa da ɗan littafi mai jadawalin abin da za a duba da lokacin dubawa. Da Turanci yake, kuma da wuya ya isa hannun mai saye na biyu, balle na uku. Shafukan da ake buƙata a ciki ba su wuce biyu ko uku ba. Dillalai da ƙungiyoyi za su iya mayar da su Hausa, da boko da ajami, a sa hotuna, a manna a shagunan kayan gyara da wuraren faci daga Aliero har Maiyama.